Inda Amon Ya Maƙale

Kuɗin sallamata daga masaƙa ta Bompai,
rabinsu na kai Sabon Gari.
Na dawo da sifiku biyu, kowace ta kai ni kafaɗa,
da amfilifaya mai nauyin buhun siminti.
A shagon, da yaron ya murɗa,
sai da kalangu ya taɓa min haƙarƙari.
A falona na Gyaɗi-Gyaɗi kuwa,
kamar ana kiɗa a cikin gwangwanin madara.

Na ce wuta ce. Ai kullum wuta ce.
Takan zo rabi-rabi,
ƙwan lantarki ja kamar garwashin da ya kwana.
Na sayo sitabilaiza, ta zauna a lungu tana ƙyas-ƙyas.
Na tada janareto,
sai ga wani gurnani ya biyo waya
ya tare ƙarƙashin kowace waƙa,
baƙon da bai san sallama ba.

Tasalla ta leƙo daga kicin:
"Ƙaramar rediyonka ta kan taga
ba ta taɓa sa ka tsaki ba."
Ban tanka ba.
Mai gaskiya da ludayi a hannu, ba a ja da ita.

Ranar Laraba Lurwanu ya zo daga Fagge,
sukudireba a bayan kunne.
Bai ko dubi kayan ba tukuna.
Ya tsaya tsakiyar falo ya tafa sau ɗaya.
Tafin ya bugi tayil, ya bugi gilashin taga,
ya dawo mana.
"Baba, ɗakin ne ke ba su amsa
kafin su gama magana."

Muka warware kafet ɗin da ke naɗe tun bikin Zinatu,
muka sauke labule,
muka janye sifikun daga bango taku biyu.
Ya leƙa baya, ya yi dariya ƙasa-ƙasa.
Ta hagu: ja a gurbin baƙi, baƙi a gurbin ja.
"Ɗaya na turawa, ɗaya na janyewa.
'Yan dako biyu ne da kaya ɗaya,
wannan ya nufi Kwari, wancan ya nufi Singa."
Ni na haɗa su da kaina,
da daddare, tocila a baki, ban tambayi kowa ba.

Ya gyara. Ya murɗa.
Ganga ta dawo da tumbinta,
kofin shayi ya hau rawa a kan tebur.
Lurwanu ya lumshe ido.
Jikata Hunaina ta ce,
"Kaka, ji sarewar nan can sama!"

Na kasa kunne.
Wace sarewa?

Suka dubi juna, ita da shi.
Ta nuna min da yatsa
kamar tsuntsu ne ya gifta ban gani ba.

Shekara ashirin da bakwai
ina tsakanin injinan saƙa.
Da hannu muke hira,
auduga a kunne sai ranar da muka tuna.
In an tashi aiki, har Kofar Nasarawa
injin na bina a cikin kai.
Abin da suka karɓa a wurina
ba a rubuta shi a takardar sallama ba.

Lurwanu ya ce bari ya ƙaro min siririn sautin.
Na ce bar shi haka,
kar a kurmantar da yarinya don a burge tsoho.
Na biya shi, na ƙara masa na mota.

Yanzu bayan isha'i,
in wuta ta yi mana mutunci,
nakan jawo kujera kusa,
in ɗora tafin hannu a jikin katakon.
Ta nan gangar ke shiga.
Hunaina na kwance a kafet da littafin lissafi.
Duk sanda sarewar ta shigo
sai ta ɗaga min yatsa ba tare da ta ɗago kai ba,
ni kuma in gyaɗa.