Malam Shiru

A ɗakin gwaji na bayan asibiti, Birnin Kebbi,
akwai wani kwance da muka raɗa wa suna Malam Shiru.
Ƙirjin roba, huhun balan-balan,
haƙoran da ba su san goro ba.

Ran Talata sau uku ya mutu a hannuna.
Na farko, na manta ɗaga haɓa,
iska ta ɓace hanya, tumbi ya kumbura.
Na biyu, na daɗe da bututun zuƙo majina,
na'ura ta yi ta kuka kamar tsakon da ya faɗa randa.
Na uku, tsoro ne kawai.

Malama Shafa'atu ta danna maɓalli, ya dawo.
"Nafi'u, sake. Wannan yana yafiya.
Yi kuskurenka nan har hannunka ya waye."

Jiya aka kawo wani masunci daga Yawuri,
kaki ya toshe masa ƙirji.
Na juya shi gefe, na lanƙwasa tafi kamar ƙoƙo,
na bubbuga bayansa ina ƙirge.
Ya yi tari. Ya tofar.
Ya ja doguwar iska, ya nemi ruwa.

Da yamma na leƙa ɗakin gwaji,
na gyara wa Malam Shiru matashi.