Taku Goma Sha Ɗaya

Da asuba nake zuwa da bokitin toka,
tokar kicin ɗin ɗalibai, wadda Lantana ke tara mini
in an sauke tukunyar wake.
Igiya a kafaɗa, ƙusoshi huɗu a aljihu,
in ja layi daga gindin darbejiya har bakin famfo.
Shekara goma sha tara ke nan.
Ban taɓa buga ƙwallo ba,
amma ba a bugawa sai na zana.

Sitadiyam suke ce masa. To, a bar su.
Benci uku ne na siminti, na tsakiya ya tsage,
kiyashi sun kafa gari a ciki.
Turakun raga bututun ruwa ne, Barau mai walda ya haɗa,
ragar kuwa komar wani masunci ce daga Ringim.
Har yau in aka zura wa golanmu ƙwallo
sai ya ce ƙarnin tarwaɗa ne ya ɗauke masa hankali.

Hanyar tsere ta yi wa filin zobe.
A takardar kwaleji mita ɗari huɗu ce,
a ƙafata ta gaza da taku goma sha ɗaya,
don gonar gyaɗar Alhaji Magaji ta cinye kwanar gabas.
Ban faɗa wa kowa ba.
Shi ya sa yaranmu ke kafa tarihi a gida,
in sun je Dutse su dawo shiru.

Sai Hansatu,
'yar Garki, mai ɗaure jelar hijabi a ƙugu,
ba takalmi, ƙaya ta gaji da tafin ƙafarta.
Ita ce ta tsaya rannan, hannu a gwiwa, ta dube ni:
"Baba Ilu, filin nan gajere ne."
Na ce, wa ya gaya miki?
Ta ce, "Numfashina. In na iso yana saura."
Tun daga ranar ba ta tsayawa a layina,
sai ta wuce, ta faɗa kunyoyin gyaɗa tana ƙirgawa,
Alhaji na ɗaga fartanya yana kiran sunan shugaban makaranta.

Ta je Dutse, ta zo ta uku.
Aka ba ta takardar yabo da bokitin roba.
Takardar na ofis, an sa mata gilashi.
Bokitin, ga shi nan a hannuna.
An ce tana koyar da lissafi can bayan Maigatari,
ban san ko akwai fili a wurin ba.

Jiya ruwa ya sauko da la'asar, ana kunnen doki da 'yan Babura,
ya wanke layukan kaf tun alƙali bai hura usur ba.
Kwaɗi sun karɓi bakin raga,
awaki sun hau benci kamar sun yanki tikiti.

Ba komai.
Na leƙa kicin, Lantana ta ɗora wake.
Gobe akwai toka.