Kujera Ɗaya, Mu Biyar

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas a Curepipe,
cikin hazo da yayyafi, daga tasha zuwa kasuwa.
Ran da na miƙa makulli Premila ta ce,
"Rodrigues za mu, mako guda.
Ka gaji da share ruwa daga gilashi,
sau ɗaya dai ka hau bayansa, ka ji yadda yake rawa."

Port Mathurin da hantsi, jirage uku a ɗaure.
Ɗaukar jirgi sukutum sai mai ƙumbar susa.
Ni kuɗin fanshona a ƙirge suke kamar haƙoran tsoho,
sai dai a yi karo-karo da baƙi, a yi tarayyar hawa.

Na farko fari fat, ga firji, ga kujerun fata.
Mai shi ya bugi ƙirji: "Kifi dole!"
Na yi masa sallama.
Wanda ya yi maka alkawari da bakin teku,
gobe inuwar gajimare zai kawo maka sayarwa.

Na biyu na ce a tayar mini da inji.
Ya yi tari sau uku kafin ya kama.
Kunnen direba ba ya ritaya,
na san wannan tarin, na sha kwana da shi a gefen hanya,
can kuwa babu gefen tsayawa.

Na uku fentinsa ya ɗaye, kamar mai shi.
Rosaire sunansa, yana ɗinkin raga bai ɗago ba.
Na ƙirga rigunan ceto da hannuna, bakwai.
Na ce, "In kifi ya haɗiyi ƙugiya, na wane ne?"
Sai a nan ya dube ni.
"Kujera ɗaya ce, ku biyar.
A ja ƙuri'a, kowa rabin sa'a, agogona ne alƙali.
Abin da aka samu, rabi na jirgi, rabi naku.
Wata rana kuma ba a samun komai sai ƙunar rana."
Na zaro kuɗi tun bai kai ga rufewa.

Asuba muka ƙetare shingen murjani,
ruwa ya tashi daga kore ya koma baba.
Ga Solange da Maryse, 'yan'uwa, masu jinya daga Réunion,
ga wani ango da amaryarsa ta ce ita da ƙasa har abada,
ga dogon Bature mai littafi, bai ce uffan ba,
sai da jiri ya kama shi ya soma gaisuwa.

Ni na ja ta uku.
Rabin sa'a na riƙe sandar kamar sitiyari,
ina kallon zare yana yanka kumfa.
Shiru.
Rosaire ya taɓa agogo, na miƙe.
Maryse ba ta gama zama ba zaren ya yi ƙara,
sanda ta lanƙwashe kamar za ta yi sujada.

Wani abu ya tokare mini maƙogwaro, ba zan ɓoye ba.
Minti ɗaya!
Amma sau nawa na ja bas ina hango mai gudu a madubi?
Yau ni ne a madubin.
Na kama ɗamararta ta baya, ango ya kama tawa,
Bature ya bar bokitinsa ya zo yana ihu da yarensu,
tuna ya fito yana walƙiya, ya kai tsawon yaro mai tasawa.

A bakin gaɓa Rosaire ya raba da tsohuwar wuƙa.
Kasona ya cika jarida biyu.
Premila ta taro ni: "Kai ka kama?"
Na ce, "Ni na riƙe wadda ta kama."
Ta yi dariya har ta dafa bango,
ta tafi neman lemun tsami da barkono,
ni kuwa ƙasa ba ta daina yi mini lilo ba
har muka gama cinyewa.