Takalma a Gindin Katanga

Na ji dirarsa kafin in ga inuwarsa.
Ƙarfe biyu da wani abu, wutar Marwa a ɗauke
kamar yadda ta saba.
Tattabaru suka motsa a akurki,
akuyar Dudu ta miƙe tsaye, ba ta yi kuka ba.

Ni baduku ne.
Duk abin da wuƙata ta taɓa yankawa
ya riga ya mutu tun a mahauta.

Amma bara aka shiga wa Hammajoda,
katanga ɗaya ce tsakaninmu.
Ya ce musu, ku ɗauka, ku ɗauka duka.
Suka ɗauka duka, har da ransa.
Ni na riƙe ƙafafunsa wajen wanka.
Tun ranar taɓarya take kwana a bayan ƙofata,
har Dudu ta gaji da nema, ta sayi wata.

Ya juyo. Wani abu ya ƙyalla a hannunsa.
A bayana Asta na barci baki buɗe,
shekararta huɗu.
Sau ɗaya na ɗaga.
Sau ɗaya, wallahi. Ko biyu.
Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba,
kamar kabewa ta faɗo daga kan danga.

Da hantsi babban jandarma ya ƙirga mini da yatsu,
rabi Faransanci, rabi Fillanci:
dare ne, gidanka ne, haurowa ya yi, ga wuƙa.
Ya buga hatimi, ya ce doka tana bayanka.
Liman ya ce babu alhaki a wuyan mai kare iyalinsa.
A kasuwa kwana uku ban biya kuɗin shayi ba.
Namijin duniya, in ji masu babur,
yanzu Dugoi za ta yi barci.

Dudu ce ta tsince su tana shara,
a waje, ƙarƙashin dalbejiya,
an jera su kafaɗa da kafaɗa
kamar na mai shiga masallaci
da niyyar fitowa.

Jar fata, jimar Marwa.
Ɗinki biyu a hanci,
ƙullin ya karkata hagu.
Duk layin dukawa ni kaɗai ne bahago.

Na sayar da irinsu sun fi ɗari uku.
Wanne ne a ciki?
Wanda ya ce saya wa babansa zai yi?
Wanda jaka biyunsa ba ta cika ba,
na ce bar dala ashirin ɗin, Allah ya sa ka kashe lafiya?
Fuskar da na gani a tsakar gida
ba ta bar mini abin da zan gwada ba.
Dunduniyar dama ta cinye ta gefe guda.
Mai yawan tafiya ne, ko mai ɗingishi.
Iyakar abin da na sani game da shi ke nan.

Kada wani ya ji ni a karkace.
In ya sake dirowa yau da dare
da wannan wuƙa, Asta na wannan tabarma,
zan sake ɗagawa.
Na faɗa a gaban jandarma, zan faɗa a gaban Mai Sama.
Gara a yi mini tambaya
da a yi mini ta'aziyya.

Sai dai takardar mai hatimi
ba ta ce komai a kan takalma ba.
Ba wanda ya zo neman gawa,
motar gwamnati ce ta ɗauke ta.
Dudu ta ce ba za ta ci tuwon wannan taɓarya ba,
ta hana a sa ta a murhu kuma,
tana nan jingine, ba ta daka ba, ba ta wuta ba.

Mayo Kaliyawo ya kawo ruwa, ya janye.
Unguwa tana barci, yadda suka ce.

Maɗaurin na hagu ya ɗan tsinke.
Jiya bayan la'asar, ba ciniki,
na duba cinyata
sai na ga ina gyara shi.