Kofin Shayi a Kan Tanki

Nomau ya turo shi da hantsi, bai hau ba,
tun daga Bagalam har rumfata a Sabon Gari,
gumi na ɗiga masa ta haɓa.
Babur mai silinda biyu, tsohon kayan Kwatano.
Ya ce: Kalla, so nake ya yi kuka
har ƴan kabu-kabun bakin tasha su waiwayo.

Na ce kuka ba wuya.
Jaki ma yana yi.

Na kwance inji, na baje a kan buhun siminti,
kusoshi a gwangwanin tumatir kada ƙasa ta haɗiye.
Fistan biyu, uwa ɗaya uba ɗaya in a ido ne,
sai dai ido ba mudu ba.
Na aiki yaro wurin Arzika maƙerin zinariya
ya aro mini ma'aunin da yake auna ƴan kunne.
Na dama ya ɗara na hagu giram uku.

Giram uku! Nomau ya ƙyalƙyale,
ya ce ai ƙwayar gujiya biyar ke nan.
Na ce ɗauki gujiyar, ka jefa sama ka cafe
sau dubu tara kafin minti ya cika,
sannan ka dawo ka faɗa mini nauyinta.

Kwana biyu ina bin sa da magagari
ta ciki, inda ƙarfe ya yi kauri.
In goga, in hura, in auna, in sake.
Abin da ka cire ba ya komawa:
haka Ɗan Jimo ya koya mini,
shi da kunnuwansa suka mutu tun ina yaro,
yake kafa turnabis a jikin inji,
ƙota a muƙamuƙi, ido a rufe,
yana jin ciwon ƙarfe da ƙashinsa.

Sai maganar wuta.
Injin da ya koyi gudu
yakan ƙona masu cin abinci a hannunsa.
Ka murɗa, ƙwan fitila ya yi fari fat, ya mutu,
batir ya kumbura kamar fanke a mai.
Na warware bobin. Tsohuwar wayar ta yi baƙi,
tana warin kan akuya a wurin babbaka.
Na naɗa sabon jan ƙarfe da hannu ina ƙirgawa,
mai ƙosai ta yi sallama ina kan arba'in da bakwai,
na amsa, lissafi ya ɓace,
na koma ɗaya.
Regilato kuwa na sa babba,
na ɗaure shi gaba, inda iska za ta riƙa marinsa.

Ran Laraba bayan la'asar
na cika ɗan kofin shayi har baki,
na aza shi a kan tanki, na taka.
Dubu uku.
Dubu shida, tantabarun gidan Hajiya Tsahara suka tashi.
Dubu takwas da ɗoriya,
mai faci ya saki tayarsa ya toshe kunne.
Kumfar ta yi ƴar rawa, kamar mai jin kunya,
ɗigo bai sauka a fenti ba.

Nomau bai ce komai ba.
Ya ɗauki kofin ya shanye.

Jika goma sha biyu ya ba ni, saura takwas sai Juma'a.
Na ce fistan biyu na daidaita maka,
hannun da ke murɗawa ban da ma'auninsa.
Ya ce to. Irin to ɗin samari.

Da dare ina kwance a tsakar gida
na ji shi can wajen hanyar Tibiri,
murya biyu sun zama ɗaya, siririya,
tana tafiya, tana tafiya,
ni kuma ina riƙe da numfashi
har na ji ya sassauta.

Da safe na mayar wa Arzika ma'auni.
Ya shafa yatsa a faranti, ya ga garin sanholo,
ya ce kada in ƙara aiko masa yaro.