Iyakar Igiya

Daren da kogi ya tashi daga kwance
ba tsawa, ba iska,
sai wani numfashi daga bayan fadama
kamar bijimi yana huci a duhu.
Karnuka suka yi gum.
Kwaɗi ma, duk bakinsu, suka haɗiye kuka.

Nomau ya fita da tocila,
ya dawo wando jiƙe har gwiwa.
Ya ce, ku tashi, ya cinye shinkafa,
ya cinye jingar da muka yi da buhu ɗari biyu,
yanzu katangar Ilu yake lasa.

Muka hau tudun makaranta, hanyar Auyo,
da tabarmi, da akuya mai ciki,
da keken ɗinkin Tabita a ka.

Can kakata Dela ta zauna kan turmi,
littafinta a leda, rungume a ƙirji,
ba ta buɗe ba, idon ya daina ganin baƙi.
Ta ce, na san wannan, Lewiyatan ne.
A rubuce, teku ne gidansa.
Mu da ba mu taɓa ganin teku ba,
ga shi ya biyo mu ta kogin Haɗeja.
Kawunansa da yawa, 'yar nan:
ɗaya ya shigo ta kwalbati,
ɗaya ta maƙabarta,
ɗaya yana ƙarƙashin gadonki.

Na ce, Kaka, to ina Ubangiji?
Da ɗaci na faɗa,
don kunnena ya ji faɗuwar rumbunmu,
tim,
geron shekara guda.

Ba ta tsawata mini ba.
Ta nuna akuyar da na ɗaure gindin darbejiya,
tana fizga, tana kewaye,
ta cinye duk ciyawar da bakinta ya kai,
ta tattake saura.
Ta ce, dubi ɓarna.
Dubi kuma turke.

Na ce, igiyar dodon nan ta yi tsawo.
Ta ce, ta yi.
Ni ma na sha faɗa Masa haka.
Shekarar da ruwa ya ɗauke mini Arziki,
yaro ɗan shekara tara, da sabuwar riga,
wata uku ban yi Masa magana ba.
Dalili kuwa, har yau ba a ba ni ba.
Amma igiya ce.
Wanda ya tufka ta bai saki bakinta ba.

Da asuba Ilu mai kwalekwale ya idar da salla kan buhu,
ya kafa kara a bakin ruwa,
ya yi masa tsaga da wuƙa.
Muka zuba ido, mu da su, ba mai magana.
Da hantsi ruwa ya taɓa tsagar.
Azahar, yana nan.
La'asar sakaliya ya ja baya yatsa biyu.
Ba wadda ta yi guɗa.

Kwana goma sha ɗaya muka koma.
Laka, warin ruɓaɓɓen gero,
tarwaɗa a cikin murhu.
A bangon coci kuwa ga layi
miƙe sak, kamar magini ya ja zare,
daidai ƙirjina.
Ƙasa da shi komai ya tafi.
Sama da shi, sheƙar tsattsewa,
'ya'ya uku suna wangale baki.

Aka kawo farar ƙasa za a shafe.
Kaka ta ce, ku bar mini shi.

Ta rasu da bazara, kan busasshen gado.

Ni kuwa in damina ta raba tsakiya
na ji hucin nan daga bayan fadama,
nakan je in ɗora tafi kan layin.
Tsoron bai bar ni ba.
Ban daina ƙorafin tsawon igiya ba.
Amma bana ma na yafa irin shinkafa
a fadamar,
daidai inda ya kwantar da haɓarsa.