Faifan Aulis

Sanyin Tampere ya kulle tafki,
ya bar mu da hita tana huci a lungu.
Iskar ɗaki ta bushe ƙayau,
ko kyanwa ka shafa sai gashinta ya miƙe.

A irin wannan wata na sauko da akwatin Aulis
daga saman kabad, inda ya shekara huɗu.
Ranar da muka dawo daga maƙabarta
kakata Kerttu ta ce kada wanda ya taɓa shi.
Yau kuma ita ce ta ce in sauko da shi.

Faifai saba'in da uku.
Na zaro na farko daga rigarsa ta takarda,
takardar ta maƙale masa, ta yi ƙas,
wani ɗan tartsatsi ya cije ni a yatsa.
Ƙura kuwa kamar kiranta aka yi,
daga labule, daga rigar ulun jikina,
daga inda ban san ƙura na kwana ba.

Na ɗora allura haka nan don ɗoki.
Mai akodiyan ya fito yana tauna tsakuwa,
mawaƙin kuma kamar daga kaskon suya yake rerawa.
Kerttu ta toshe kunne. Ɗaya kawai ta toshe.

Ta ce, "Ba haka yake yi ba.
Aza buta a wuta, ka bar ta a buɗe,
ɗaki ya sha tururi tukuna,
baƙin faifai da ƙishirwa ba sa shiri.
Tuɓe safar nan, sauka daga kafet,
taɓa ƙarfen famfo kafin ka taɓa shi,
wutar jikinka ta bi bututu ta tafi."

Ruwan famfo, in ji ta, yana barin alli a tsaga,
sai tataccen da take zuba wa dutsen guga.
Sabulu ɗigo ɗaya, na biyu ɓarna ne.
Ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare.
A riƙe ta baki, kamar kwanon miya mai zafi,
a bi da'ira yadda aka yanka ta,
ba a ratsa layi.
Tambarin tsakiya kada ruwa ya gan shi,
nan yake rubutu da fensir.

Na karanta: tara ga Yuni, sittin da takwas.
Ta ce, "Ranar sau uku ya taka min ƙafa
a rumfar rawa ta bakin ruwa.
Wanke, ba karatu na sa ka ba."

Muka jera su a matsanin kwanuka,
baƙaƙen faranta da ba a cin abinci a kansu.
Ƙyallen ya koma launin toka,
hayaƙin lofensa, garin burodi,
gashin wani kare da ya riga ni zuwa duniya
ya kuma riga kowa barinta.
Tagogi suka yi gumi.
A waje motar share ƙanƙara ta wuce sau biyu.

Da suka bushe sarai na sa musu sababbin riguna,
na bi na farkon da buroshi, zagaye biyu, a hankali,
na sauke allura.

Shiru ne ya fara fitowa, shiru mai tsabta,
sannan akodiyan, sannan muryar,
har numfashin da yake ja kafin baiti ana ji.
Amma can wajen tsakiya, kowane juyi,
tak.
Tak.

Na miƙe zan sake wankewa.
Ta riƙe min hannun riga.
"Wannan ba datti ba ne, zauna.
Ni na bugi tebur da naƙudar uwarka ta taso,
shi kuma ya tsaya mayar da faifai cikin riga
kafin ya nemo mota.
Wata guda ban yi masa magana ba."

Buta ta ƙone ba mu sani ba.
Saura saba'in da biyu,
ga ruwan guga ya kusa ƙarewa.